Ƙiba: gado ce ko ci? Tambaya kan yadda jiki ke sarrafa kitse

Nas_ta_Karkara ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da likitocin wannan zaure. Akwai maganar da ba ta ƙarewa a bakin masu zuwa awon hawan jini da suga: "Mu gidanmu jinin ƙiba gare mu, ko ruwa muka sha kitse yake zama." Can gefe kuma ga wanda zai tashi da malmala uku ta tuwo ya kora da fura, shekara ashirin wandonsa bai taɓa matse shi ba. Wani lokacin ma 'yan uwa ne, ciki ɗaya, tukunya ɗaya.

To a ilmance, kashi nawa ne na gado a ƙiba? Kuma bambancin a ina yake, shin wani jikin ne ya fi wani iya ƙona kitse? Sannan gwajin DNA da ake talla a intanet, a ce ka tura yawu a faɗa maka abincin da ya dace da jininka, yana da amfanin da za a ce wa mutum ya kashe kuɗinsa? Ina son amsar da za a iya mayar wa mara lafiya da Hausa ya gane.

Malamin_Gado ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Masu cewa jinin ƙiba gare su ba ƙarya suke yi ba, sai dai maganar ruwa ce babu ita.

Hujja mafi ƙarfi daga tagwaye da 'ya'yan riƙo aka samo ta. A 1986 Albert Stunkard da abokan aikinsa suka duba mutum 540 a Denmark waɗanda aka ba da riƙonsu tun suna jarirai. Da suka girma, nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka ciyar da su ba. A 1990 kuma suka duba tagwaye masu kama ɗaya a Suwidin, waɗanda aka raba tun suna ƙanana kowa ya tashi a gida daban, aka tarar jikinsu ya kusa zama ɗaya. In aka haɗa irin waɗannan bincike, rabon gado yana faɗawa tsakanin kashi 40 zuwa 70 cikin 100. A kula da ma'anar lambar, don nan ake yawan zamewa. Ba ana nufin a kilo 100 na mutum kilo 70 daga iyayensa yake ba. Ana nufin in ka ɗauki jama'ar da ke zaune cikin yanayi iri ɗaya, ka tambayi me ya sa wane ya fi wane nauyi, to kusan wannan kason na bambancin gado ne ya kawo shi.

Gwajin da ya fi kusa da tambayarki shi ne na Claude Bouchard a Kebek ta Kanada, wanda aka buga a 1990. An killace samari tagwaye masu kama ɗaya, tagwaye 12 wato mutum 24, tsawon kwana 100. Kwana shida a kowane mako ana ƙara wa kowa kalori 1,000 a kan abin da jikinsa ke buƙata, kuma an taƙaita musu motsi. Ƙarin abinci ɗaya ne ga kowa. Matsakaicin ƙarin nauyi ya zama kilo 8.1, amma wani kilo 4.3 kawai ya ƙara, wani kuma 13.3. Kowa kuma ya fi kusa da ɗan tagwaicinsa, musamman a kitsen da ya taru cikin ciki. To tukunya ɗaya ba ta nufin jiki ɗaya, an gwada an gani.

Amma gado shi kaɗai ba ya aiki. Ƙabilar Pima, wasu 'yan asalin nahiyar Amurka, ta kasu biyu: wasu a Arizona ta Amurka suna cin abincin kanti suna yawo a mota, wasu a duwatsun Sonora na Meziko suna noma da hannu. Asalinsu ɗaya. Binciken 2006 ya sami ciwon suga a kashi 38 cikin 100 na na Arizona, na Meziko kuwa kusan kashi 7, kuma ƙiba ta yi musu ƙaranci sosai. Haka abin yake a nan: kakan da ya yi rayuwarsa a gona yana siriri yana iya ɗauke da ƙwayoyin gadon da suka fito da jikansa tumbi a Kano ko Maraɗi.

Yanzu ga abin da yawancin mutane ba sa tsammani. Da aka fara gano ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da nauyi, an yi zaton a cikin kitse ko tsoka za a same su suna aiki. Sai aka tarar mafi yawansu a ƙwaƙwalwa suke aiki, musamman a wani ɗan sashe da ake kira haifotalamos, inda ake saita yunwa da ƙoshi. Mafi shahara ita ce FTO, a kuromozom (ƙunshin DNA da ke cikin ƙwayar halitta) na 16, wadda aka bayyana a 2007. Bambancin harafi ɗaya ne cikin rubutun DNA. Wanda ya gaji nau'in haɗarin daga uba da uwa duka (kusan mutum 1 cikin 6 a Turawa) ya fi wanda bai gada ba nauyi da kusan kilo 3 a matsakaici. Da aka auna irin waɗannan mutane, ba a ga jikinsu na ƙona abinci ƙasa da na sauran ba in aka yi la'akari da girman jiki. Abin da aka gani shi ne suna ɗan fin ci, ƙoshi na jinkirin zuwar musu, kuma ransu ya fi karkata ga mai maiƙo. Loma biyu ko uku a kowane zama, babu mai lura, har shi mai cin. A shekara goma sai ta nuna.

Kilo 3 kuma shi ne mafi girma a cikin bambance-bambancen da suka yaɗu. Sauran ɗaruruwa ne, kowanne ɗan kaɗan yake ƙarawa. Wani babban nazari na 2018 a kan mutum kusan 700,000 ya lissafa wurare 941, duk haɗe suka bayyana kusan kashi 6 cikin 100 kawai na bambancin nauyi. Kowa na ɗauke da wasu. Mai "jinin ƙiba" shi ne wanda rabonsa ya yi yawa.

'Yar_Lab ta rubuta:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Sai dai kada a tashi da cewa ƙwayoyin gadon da ke sarrafa kitsen kansa ba su da tasiri. Suna da shi, amma aikinsu ya fi yawa a kan inda kitsen zai zauna da ɓarnar da zai yi, fiye da yawan kilo. A asibiti kuwa wannan ne ke kwantar da mutum.

Bari in bi hanyar kitse daga baki. Mutum ya ci ƙosai da aka soya da man gyaɗa. A ƙaramin hanji ruwan matsarmama ya farfasa man zuwa ƙananan ɗigo, wani sinadari mai suna lifes daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan ciki, ya yayyanka shi. Bangon hanji ya sha, ya sake haɗa shi, ya ƙulle cikin wasu ƙunshi da ake kira kailomaikuron, su ne ke shiga jini. A bangon ƙananan jijiyoyin da ke cikin kitse da tsoka akwai mai sauke kaya, sunansa LPL, shi ke kwance ƙunshin ya tura man ciki. Bayan cin abinci insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya hau, sai ya buɗe ƙofar shiga rumbun kitse ya kulle ta fita. In an daɗe ba a ci ba, kamar da yammacin azumi, insulin ya sauka, wasu sinadarai biyu, ATGL da HSL, su fara fito da man zuwa jini. A cikin tsoka wani mai suna CPT1 ya shigar da shi mitokondiriya, wato murhun ƙwayar halitta, a ƙona. Kuma ga masu tambaya ina kitsen ke tafiya in mutum ya rame: a kilo 10 da aka ƙona, kusan kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar kabon, ragowar 1.6 ruwa ne. Ba ya narkewa ya fita ta gumi, don haka ɗaure ciki da leda wahala ce kawai.

Kowace tasha a wannan hanya ƙwayar gado ce ke gina ta, kuma kowace na iya samun tangarɗa.

In LPL ya lalace gaba ɗaya (sai an gaji lalataccen daga iyaye biyu, kusan 1 cikin miliyan), man ba ya sauka daga jini. In aka ɗebi jinin a kwalba aka ajiye a firji ya kwana, sai ka ga wani fari ya taso a sama kamar man da ke tasowa kan madara. Tiraigilisarid, wato maiƙon da ke cikin jini, ya haura 1,000 a ma'aunin da lafiyayye ke ƙasa da 150. Ciwon ciki mai tsanani na kumburin fankiriyas ke kawo su, tun suna yara. Yawancinsu ba su da ƙiba ko kaɗan. Maganinsu rage maiƙo zuwa ƙasa da giram 20 a rana, wato bai kai cokali biyu na mai ba.

Darasin da ya fi girma yana wajen waɗanda aka haifa ba rumbun kwata-kwata. Akwai cutar gado da ke hana jiki gina ƙwayoyin kitse, galibi saboda lalacewar ƙwayar gadon AGPAT2 ko BSCL2, kuma ta AGPAT2 an fi ganinta a masu asalin Afirka. Yaron zai fito tsoka a murɗe kamar ɗan dambe, jijiyoyi raɗa-raɗa, kumatu a shanye, amma hanta ta kumbura da kitse, wuya da hammata sun yi baƙi kamar dauɗar da ba ta wankuwa, ga ci kamar gara. Kafin ya gama balaga suga ya kama shi. Babu ƙiba, amma duk cututtukan ƙiba sun hallara. Dalili kuwa, kitsen da ke ƙarƙashin fata, a cinya da ɗuwawu, shi ne rumbu mai aminci. In babu rumbu, ko ya cika, hatsin sai a zube shi a tsakar ɗaki: hanta, tsoka, fankiriyas, da kewayen hanji. Nan ne insulin ke daina jin magana.

Girman rumbun kowa daban ne, kuma gado ne ke yanka shi. Ƙwayar gadon PPARG ita ce uwar gayya wajen ƙera sabuwar ƙwayar kitse. Shi ya sa za ki ga Hajiya mai kilo 95, nauyin duk a ƙasa, suganta lafiya lau, ga kuma Alhaji mai kilo 72, ƙafafu sirara, tumbi a gaba, yana shan maganin suga tun yana ɗan shekara 40. Nasa rumbun ƙarami ne, ya cika da wuri.

Hanta ma tana da tata. A 2008 binciken zuciya na birnin Dalas ya gano wani nau'in ƙwayar gadon PNPLA3 da ke sa kitse ya maƙale a hanta. Yawan nau'in ya kai kusan kashi 49 cikin 100 a 'yan asalin Latin Amurka, 23 a Turawa, 17 a baƙaƙen Amurka. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu asalin Afirka ta Yamma ba su cika tara kitse a hanta kamar sauran ba, a nauyi iri ɗaya. Kada a yi murna da wuri. Tiraigilisarid ɗinmu ma yakan fito ƙasa ko da insulin ya riga ya daina aiki sosai, don haka takardar lab mai kyau a wannan layin ba ta wanke mutum ba. Suga da hawan jini suna kama mu duk da haka.

Game da FTO kuma, ƙarin bayani ga abin da Malam ya faɗa: a 2015 wani bincike da Melina Claussnitzer ta jagoranta ya nuna cewa harafin na taɓa wasu ƙwayoyin gado biyu na kusa, IRX3 da IRX5, yana karkata ƙananan ƙwayoyin kitse daga nau'in da ke ƙona mai ya ba da ɗumi zuwa nau'in da ke ajiya kawai. To akwai ƙanshin gaskiya a maganar ƙonawa. Amma awon da aka yi a jikin mutane ya fi nuna ci.

Nas_ta_Karkara ta rubuta:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya. Misalin rumbu kam zai shiga kunnen kowa. Saura maganar gwajin yawun nan. Kuma in ba shi ba, me za a auna a ƙaramin asibitin da sikeli da tef kawai gare shi?

Mai_Awon_Abinci ya rubuta:

Malama, a gaya wa mai niyya ya riƙe kuɗinsa. An riga an gwada ainihin abin da suke sayarwa. A jami'ar Stanford an raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage maiƙo, wasu suka rage sitaci da suga, tsawon wata 12, aka buga sakamakon a 2018. Tun farko an duba ƙwayoyin gado uku da kamfanoni ke dogara da su, PPARG da ADRB2 da FABP2, don a ga wa "ya dace" da wane abinci. Masu rage maiƙo sun sauke kilo 5.3 a matsakaici, masu rage sitaci kilo 6.0. Wanda abincinsa ya dace da jininsa bai fi wanda nasa bai dace ba ramewa. A 2016 kuma an haɗa gwaje-gwaje takwas na mutum sama da 9,500, aka ga masu nau'in haɗari na FTO suna ramewa daidai da kowa in suka bi tsarin abinci ko motsa jiki ko magani.

Gare mu kuma akwai matsala ta biyu. Mafi yawan waɗanda aka gina waɗannan ma'aunai a kansu Turawa ne, alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin gado a duniya. Ɗauki FTO ɗin. Harafin da aka fara ganowa, rs9939609, alama ce kawai da ke zaune kusa da wanda ake ganin shi ne mai laifin, rs1421085. A Turawa kusan kullum tare ake gadonsu, ka ga ɗaya ka ga ɗayan. A mutanen Afirka ta Yamma sun rabu: alamar ta yaɗu sosai, mai laifin kuwa kaɗan ne ke da shi. Sai gwaji ya ce wa Bahaushe yana cikin haɗari alhali inuwa ya gani. A ɗaya ɓangaren kuma akwai namu da ba sa dubawa. A 2017 tawagar Charles Rotimi, ɗan Najeriya da ke aiki a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, ta ba da rahoton wani nau'in SEMA4D da ke cikin kusan mutum 1 cikin 100 na masu asalin Afirka ta Yamma, wanda ke tafe da ƙarin kusan kilo 3, kuma ba a samunsa a Turawa.

Gwajin gadon da ya fi araha shi ne tambaya uku: uwa ko uba na da ƙiba? Akwai mai suga a iyaye ko 'yan uwa na ciki ɗaya, kuma a wane shekaru ya kama shi? Akwai wanda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya same shi kafin shekara 55 in namiji ne, ko 65 in mace ce?

Sai tef. Mutum ya tsaya, ƙafafu kusa da juna, a ɗage riga. A laluba haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu a gefe, a ɗora tef a tsakiyarsu, ya zagaye a miƙe ba tare da ya nutse cikin fata ba, a karanta bayan ya saki numfashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne aunawa a inda ake ɗaura zani ko wando, ƙasan tumbi, sai a rasa santimita biyar ko fiye. Ƙa'ida mai sauƙi: zagayen kada ya kai rabin tsawo. Mai tsawon santimita 160, ya zauna ƙasa da 80. Wannan ya fi BMI, wato lissafin nauyi da tsawo, kama irin Alhajin da Yaya ta kwatanta, wanda sikeli zai ce lafiyarsa ƙalau. In ya wuce, a auna suga da safe kafin karin kumallo, bayan awa 8 ba ci: a ma'aunin mg/dL, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 ko sama a rana biyu daban ciwon suga ne. In za a tura gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na watannin baya, a tuna sikila da ƙarancin jini na iya karkata sakamakon.

Ta fuskar abinci, tunda gadon ta hanyar ci yake shigowa, can za a tare shi. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne, kuma ba ya cika ciki. Lita ɗaya ta haura 8,000. Gidan mutum takwas da ke ƙarar da lita a kwana huɗu, kowa na shan kusan 250 a rana daga mai kaɗai, ban da masa da fanke da awarar waje. A daina tuttulawa daga galan, a auna da cokali. Lemon kwalba na rabin lita na ɗauke da suga kusan giram 50, fiye da cokalin shayi 12, kuma abin sha ba ya taɓa ma'aunin ƙoshi kamar abin tauna. Binciken Harvard na 2012 ya nuna tasirin ƙwayoyin gadon ƙiba ya fi fitowa a masu shan irin wannan kullum, wani na 2014 ya nuna haka ga soyayyen abinci. Motsa jiki kuwa yana rage tasirin FTO da kusan kashi 27 cikin 100. A fara cika ciki da wake, zogale, rama, kuɓewa da kabeji kafin a kai ga tuwo.

Kada kuma a ɗora wa mutum burin komawa jikin samartaka. Sauke kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyi, tare da tafiyar minti 150 a mako, ya rage kamuwa da suga da kashi 58 cikin 100 a babban gwajin Amurka na 2002. Mai kilo 90, kilo 5 ko 6 ke nan. A kuma faɗa masa tun farko jiki zai yi gardama. Yawan ƙwayoyin kitse yana tsayawa ne tun ƙuruciya da balaga, in babba ya rame ƙanƙancewa suke yi, ba sa raguwa. Wanda ya sauke kashi 10 cikin 100 jikinsa na rage ƙona kalori fiye da yadda sabon nauyinsa ya kamata, yunwa kuma ta ƙaru. Wanda bai san haka ba, in nauyi ya fara dawowa a wata na shida, sai ya ce jininsa ne ya watsar.

Likitan_Yara ya rubuta:

Na yarda da Malam Mai Awo a kan manya. Amma akwai 'yan tsirarun yara da gwajin gado na asibiti, ba na talla ba, yake canza musu rayuwa, kuma ma'aikacin karkara ne zai fara ganinsu.

Ƙwayoyin kitse na fitar da wani homon, wato sinadarin kai saƙo ta jini, mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman ya gano a 1994. Aikinsa kai wa ƙwaƙwalwa rahoto cewa akwai ajiya. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka bayyana wasu yara biyu 'yan uwa, asalin Pakistan, daga dangin da ke auren zumunci, waɗanda jikinsu ba ya yin leftin sam. Yarinyar na da kilo 86 tana 'yar shekara 8, yaron kilo 29 yana ɗan shekara 2. An haife su da nauyi daidai. Ƙwaƙwalwarsu ce ke ganin kamar yunwa za ta kashe su, kullum, ko sun ci ko ba su ci ba. Da aka fara yi wa yarinyar allurar leftin, ta sauke kusan kilo 16 cikin shekara guda, kuma abin da ya canza shi ne ci. Na ambaci auren zumunci da gangan, don irin wannan sai an gaji lalataccen kwafi daga ɓangare biyu, kuma auren ɗan wa da 'yar ƙani ba baƙo ba ne a wajenmu. A lura, allurar ba ta yi wa mai ƙiba ta yau da kullum komai, shi leftin ɗinsa ma yawa ya yi.

Wadda ta fi yawa a wannan rukuni ita ce lalacewar ƙwayar gadon MC4R, a kuromozom na 18, kuma lalataccen kwafi ɗaya ya isa. A wani nazari na 2003 kan mutum 500 da ƙiba mai tsanani ta kama tun yarinta, kusan kashi 6 cikin 100 na da ita. Yaran sukan fi sa'o'insu tsawo da ƙashi. Tun 2020 akwai magani mai suna setmelanotide da aka amince da shi a Amurka don lalacewar ƙwayoyin gadon POMC da PCSK1 da ta mai karɓar leftin, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowa.

Alamun da za su sa a tura yaro babban asibiti: ƙiba mai yawa da ta fara kafin shekara 5, da yunwar da ba ta da iyaka, yaro na kuka a kan abinci bayan ya gama ci, yana buɗe tukunya cikin dare. In jariri ya zo a saɓule, ba ya iya kama nono, sannan bayan shekara biyu zuwa sama ya juye ya zama maci, ga gajarta da ƙananan hannaye da jinkirin magana, a yi tunanin Prader-Willi, matsalar kuromozom na 15. In an haife shi da yatsa shida, ga dundumi yana ƙaruwa, a yi tunanin cutar gado ta Bardet-Biedl a kuma duba ƙoda. Abu ɗaya da ke taimakawa ƙwarai: a auna tsawo. Yaron da ci ya sa shi ƙiba yakan yi tsawo. Mai ƙiba kuma gajere, wanda tsawonsa ya tsaya, matsalar homon ce ko magani har sai an tabbatar ba haka ba.

Ba kuma duk abin da ke bin gida ne gadon DNA ba. Mahaifa ma na saita jiki. Samarin Holan kusan 300,000 da aka auna lokacin shiga soja sun nuna cewa waɗanda yunwar 1944 zuwa 1945 ta sami iyayensu mata a farkon ciki sun fi yin ƙiba. A Inugu, binciken 2010 ya sami ƙarin hawan jini da matsalar suga da nauyi a waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa. Uwa mai sugan ciki ma takan haifi jariri mai kilo 4 ko fiye, wanda ke ɗauke da haɗarin gaba. Don haka awon ciki na cikin maganin ƙibar shekara talatin masu zuwa.

Kafin a ɗora wa gado laifi a budurwa ko amaryar da ta cika cikin wata biyu, Malama, a tambaye ta a keɓe, ba gaban uwa ko miji ba, me take sha. Ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe galibi dexamethasone ne, wani lokaci haɗe da cyproheptadine mai buɗe ci. Kamanninsu daban ne: fuska ta yi zagaye kamar faranti, kitse ya taru a doron wuya da ciki, hannu da ƙafa su sirance, fatar ciki da cinya ta tsage da layuka masu faɗi, al'ada ta rikice, suga da hawan jini su hau. In ta amsa cewa ta fi mako uku tana sha, kada a ce ta daina yau. Glandar da ke saman ƙoda ta riga ta yi barci, in aka yanke farat ɗaya jini na iya faɗuwa, ta yi ta amai har ta suma. A rubuta sunan ƙwayar da adadin da take sha a rana, a auna suga da hawan jini, a tura ta wajen likita ya rage mata a hankali cikin makonni.